Ware furotin don neman magungunan ƙofofin fotasiyam: tambayoyi da amsoshi

Duk mai shan glibenclamide saboda ciwon suga, ya sani ko bai sani ba, maganin da yake haɗiya wata ƙofar fotasiyam yake rufewa a jikinsa. Wasu magungunan daidaita bugun zuciya ma ta irin waɗannan ƙofofi suke aiki, haka wani maganin farfaɗiya, haka wani da aka taɓa ɗora wa buri a kan sikila. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi ɓangaren aikin da ba a cika ba da labarinsa ba: yadda ake ciro ƙofar daga jikin ƙwayar halitta, a tace ta, a riƙe ta a kwalba ba ta lalace ba, da abin da wannan wahala ta tsinana wa masu neman magani.

Mece ce ƙofar fotasiyam tukuna?

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum lulluɓe take da siririn tantani na maiƙo. Fotasiyam kuwa, wanda muke samu daga wake, dabino, ayaba da ganyaye, a ruwan jiki yake narkewa ɗauke da cajin lantarki, kuma abu mai caji ba ya ratsa maiƙo. Dole sai da ƙofa. Ƙofar nan furotin ce da ke kafe cikin tantanin, galibi sassa huɗu ne ke haɗuwa su bar rami a tsakiyarsu.

Fotasiyam ɗin da ke cikin ƙwaya ya ninka na waje kusan sau 30. Da zarar ƙofa ta buɗe sai ya kwarara waje, cajin cikin ƙwayar ya sauka, ta lafa. Da haka jijiya ke komawa daidai bayan ta isar da saƙo, da haka tsokar zuciya ke saki bayan kowane bugu. In kuwa aka rufe ƙofar, ƙwayar zabura take yi. Mutum yana da ƙwayoyin gado kusan 80 masu ƙera ire-iren waɗannan ƙofofi. Wasu canjin lantarki ke buɗe su, wasu kalsiyam, wasu kuma yawan kuzarin da ƙwayar ta tara ne ke juya su.

Tun 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka auna gudun fotasiyam a jijiyar wata dabbar teku a Ingila, suka fitar da lissafinsa. Amma sai da aka ƙara shekara 46 kafin a ga siffar ƙofar.

Me ya sa sai an ware furotin ɗin? Ba za a gwada magani a kan ƙwayar halitta kai tsaye ba?

Ana gwadawa, kuma har gobe ba a daina ba. Erwin Neher da Bert Sakmann a Jamus sun ƙirƙiro dabarar manna bakin siririn bututun gilashi a jikin tantani a auna lantarkin da ke bi ta ƙofa ɗaya tak, suka samu kyautar Nobel a 1991. Duk maganin da ake kyautata zaton yana taɓa ƙofa, da wannan awo ake yanke masa hukunci.

Sai dai ƙwayar halitta cike take da dubban furotin iri-iri. Ka zuba sinadari ka ga gudun fotasiyam ya ragu. To ƙofar ya kama, ko wani furotin da ke ba ƙofar umarni, ko kuwa ƙwayar ce ya fara kashewa? Awon lantarki shi kaɗai ba ya nuna lungun da maganin ya zauna. In furotin ɗin na hannunka tsantsa, za ka iya ɗaukar hoton siffarsa har ka ga zaman kowace ƙwayar zarra. Za ka iya gwada masa sinadarai dubbai ba wani furotin da zai sa baki. Za ka kuma iya yi wa dabba allurarsa don jikinta ya ƙera antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki, da zai kama shi.

Ina wahalar take?

Furotin mai narkewa a ruwa, irin himogulobin, sauƙin tacewa gare shi, ga shi jini cike yake da shi. Ƙofar fotasiyam ta saɓa ta kowace fuska. Kaɗan ce a jiki. Tsakiyar jikinta maiƙo take so, don haka da an raba ta da tantani an sa a ruwa sai ta dunƙule da 'yan'uwanta ta zama gudaji marar amfani. Sassanta huɗu na iya watsewa. In kuma aka tilasta wa ƙwaya ta ƙera ta da yawa, ƙwayar na iya galabaita ko ta mutu.

An ga siffar furotin mai narkewa a ruwa tun 1958. Na tantani kuwa sai tsakiyar shekarun 1980 aka ga na farko dalla-dalla, aikin da ya ba Hartmut Michel, Johann Deisenhofer da Robert Huber kyautar Nobel a 1988.

Daga ina ake samo furotin ɗin?

Da can daga naman dabbobi. A 1994 masu bincike na kamfanin Merck sun tace wata ƙofa mai buɗewa da kalsiyam daga tsokar maƙogwaron shanu, kuma a nan ya bayyana ashe tana tafe da wani ƙaramin sashe mataimaki. Amma abin da ake samu ta wannan hanya bai isa a yi kiristal da shi ba, wato a jera furotin ɗin a tsare kamar ƙwayar gishiri don a iya ganin siffarsa da hasken eksire.

Hanya ta buɗe ne a 1987, lokacin da ɗakin gwajin Lily Jan da Yuh Nung Jan a San Francisco ya ciro ƙwayar gadon da ake kira Shaker daga wani ƙudan 'ya'yan itace wanda ƙafafunsa ke karkarwa in an shaƙa masa maganin sa barci. In ƙwayar gado ta shigo hannu, ana iya dasa ta a wata halitta mai saurin hayayyafa ta zama masana'anta. A 1995 Hildgund Schrempf da abokan aikinta a Jamus suka gano ƙofar fotasiyam a jikin wata bakteriyar cikin ƙasa, Streptomyces lividans. Wannan ƙofa, da ake kira KcsA, ƙarama ce, mai taurin rai, kuma bakteriyar E. coli na ƙera ta da yawa.

Ƙofofin mutum da na dabbobi sun fi ta tsirfa, bakteriya ba ta iya musu. Ƙofar Kv1.2 ta ɓera, wadda aka ga siffarta a 2005, a cikin wani nau'in yis aka rene ta. Yau an fi amfani da ƙwayoyin HEK293, waɗanda asalinsu na mutum ne kuma ake renonsu a ɗakunan gwaji tun 1973, ko ƙwayoyin ƙwaro masu suna Sf9. Manoma sun san mai waɗannan ƙwayoyi ko da ba su san sunan ba: Spodoptera frugiperda ce, tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Daga jikinta aka samo asalin ƙwayoyin a Amurka tun shekarun 1970.

Yaya ake tacewar, daga farko zuwa ƙarshe?

Tun a ƙwayar gado ake fara dabara. Ana liƙa wa ƙarshen furotin ɗin gajeriyar jela ta wani amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) mai suna histidin, guda shida zuwa goma a jere, saboda histidin na manne wa ƙarfen nikel. Sai a rene ƙwayoyin a manyan kwalabe na 'yan kwanaki, a tara su, a farfasa, a sa a na'urar wulwulawa mai ninka nauyin abu sau 100,000 har tantanin ya kwanta a gindin bututu. Wannan da ya kwanta shi ake so.

Daga nan sai a narkar da tantanin da wani sabulu na musamman, a bi da ruwan ta cikin bututu cike da ƙananan ƙwayoyin roba masu ɗauke da nikel. Ƙofar ta maƙale ta jelarta, sauran tarkace su wuce. A wanke, a sake wankewa, sannan a zuba imidazol, wanda ke ture jelar ya karɓe mata wuri, ƙofar ta sauko. Mataki na ƙarshe wani bututu ne mai raba furotin bisa girma, ya fitar da waɗanda suka dunƙule da waɗanda suka ɓalle, ya bar masu sassa huɗu cif.

Duk wannan cikin sanyin digiri 4 ake yi, kuma ba a raba ruwan da gishirin fotasiyam, domin in ramin ya rasa fotasiyam, bakin ƙofar kan rufta. Sau da yawa, bayan kwana da kwanaki da lita da dama na ƙwayoyi, abin da ke hannu bai wuce ɗigon ruwa mai miligiram ɗaya ba, ko ƙasa da haka. A ganina a nan ake ci ko a faɗi. Kyakkyawan hoton da mujalla ke bugawa, wanda ya jure tsayuwa a ɗakin sanyi ne ya samar da shi, kuma in furotin ɗinsa ya lalace tun a nan, duk abin da aka gina a kai ƙarya zai faɗa.

Sabulu kuma? Irin na wanki?

Danginsa ne. Yadda sabulu ke kewaye maiƙon miya a jikin kwano ya ɗauke shi cikin ruwa, haka wannan ke yi: gefensa mai son maiƙo ya rungumi tsakiyar ƙofar, mai son ruwa ya fuskanci waje. Na wanki dai zai warware furotin ɗin gaba ɗaya, shi ya sa ake amfani da masu laushi, kamar DDM mai kan sukari, ko dijitonin da ake samu daga wani tsiro.

Mai laushin ma bai rasa illa ba. A 2003 aka fitar da siffar wata ƙofa mai suna KvAP, ta wata ƙaramar halitta da ke rayuwa a ruwan zafi na tekun Japan. Sashen ƙofar da ke jin canjin lantarki ya fito a karkace, a wani zama da bai yi daidai da awon da aka yi a rayayyen tantani ba, aka yi ta muhawara. Daga baya ta tabbata cewa wannan sashe yana bukatar maiƙon tantani ya tallafe shi. Wasu ƙofofin ma ba sa buɗewa sam sai wani maiƙo mai suna PIP2 ya zauna a jikinsu, kuma a 2011 aka ga inda yake zama.

Wannan ya sa aka koma neman yadda za a mayar wa ƙofa maiƙonta. Stephen Sligar na Jami'ar Illinois ya ƙirƙiro ɗan faifan tantani wanda wani furotin ke ɗaure wa ɗamara, a dasa ƙofa ɗaya a tsakiyarsa. A 2009 kuma masu bincike a Birmingham suka nuna cewa wani sinadarin roba na iya yanko furotin daga tantani tare da maiƙon da ke kewaye da shi, ba tare da sabulu ya taɓa shi ba.

Ta yaya ake sanin abin da aka tace yana aiki?

Tun kafin a ɓata kuɗi ake tantancewa. A 2006 Toshimitsu Kawate da Eric Gouaux suka bayyana wata dabara: a liƙa wa furotin wani koren furotin mai ƙyalli, a bi da ɗan kaɗan ta bututun raba girma, a duba ko ƙyallin ya fito a dunƙule wuri ɗaya ko a warwatse. Da haka ake gwada ƙofa iri ɗaya daga dabbobi da yawa a zaɓi mai juriya. Shi ya sa za ka ji wata siffa ta kaza ce, wata ta kwaɗo. Bayan tacewa kuma sai a dasa ƙofar a tantanin da aka haɗa da hannu a auna lantarki. In tana buɗewa tana rufewa, tana zaɓen fotasiyam, kuma dafin da aka san yana toshe ta ya toshe ta, to lafiyarta ƙalau.

Ina ruwan dafi da wannan aiki?

Babban ruwa kuwa. Kafin mutum ya ƙera ko da sinadari ɗaya mai zaɓen ƙofa, dafin halittu ya riga shi, kuma ware furotin daga dafi shi ne rabin tarihin wannan fanni. A 1980 aka bayyana dendrotoxin daga dafin koren macijin mamba na gabashin Afirka. Dafin ƙudan zuma na da apamin. A 1985 ɗakin gwajin Christopher Miller a Jami'ar Brandeis ya gano charybdotoxin a dafin wata kunama rawaya ta Gabas ta Tsakiya daga jinsin Leiurus, jinsin da ke da dangi a hamadar Masar da Sudan. Ɗan guntun furotin ne mai amino asid 37, yakan zauna a bakin ƙofa ta waje ya toshe ramin.

Da irin wannan dafi, bayan an yi masa alama, ake bin sawun ƙofa a lokacin tacewa a san bututun da ta shiga. Da shi kuma Roderick MacKinnon, wanda likita ne kafin ya koma bincike a wurin Miller, ya lalubo ɓangaren furotin da ke zama bakin ramin, ta hanyar sauya amino asid ɗaya-ɗaya yana duba ko dafin zai daina kamawa.

A 1998 MacKinnon ya juya abin. Ya ɗan gyara KcsA, ya ɗaure ta a jikin ƙwayoyin roba, ya bi da ɗanyen dafin kunama ta kanta. Abubuwan da ke son ƙofar suka maƙale, sauran suka wuce, aka auna nauyin waɗanda suka maƙale aka gane su nan take. Wannan gwaji ya burge ni saboda sauƙinsa: tataccen furotin ya tsamo abokan kamawarsa daga cikin cakuɗaɗɗen ruwa da kansa.

Daga wata halittar teku mai kama da fure a yankin Karibiyan kuma aka samo ShK, mai toshe ƙofar Kv1.3 da wasu sojojin garkuwar jiki suka dogara da ita. An gyara shi ya zama dalazatide, an kuma gwada shi a matakin farko a kan masu wata cutar fata da garkuwar jiki ke haddasawa.

Me aka gani a 1998?

MacKinnon ya bar Harvard a 1996 ya koma Jami'ar Rockefeller a New York don ya koyi yin kiristal na furotin, abin da mutane da yawa suka ɗauka kasada ce. Bayan shekara biyu shi da abokan aikinsa suka harba hasken eksire a kiristal ɗin KcsA suka fitar da siffarta. Gani ya kori ji.

Tsohuwar tambaya ita ce: ta yaya ƙofa ke barin fotasiyam ya wuce, har kusan miliyan 100 a daƙiƙa, amma ta hana sodiyam wanda ya fi shi ƙanƙanta? Amsar tana cikin wani siririn mataci a bakin ramin. A ruwa, kowane fotasiyam na tafe da ƙwayoyin ruwa kewaye da shi, kuma sai ya zubar da su kafin ya shiga. Matacin ya jera ƙwayoyin oksijin a daidai tazarar da za su maye masa gurbin ruwan, don haka ba ya asarar komai. Sodiyam bai cika gurbin ba, riƙe ruwansa ya fi masa. Fotasiyam kuma a jere suke shiga, na baya na tura na gaba. A 2001, da taimakon guntun antibodi da ya sa kiristal ɗin ya fi tsari, aka ga wannan jeri ƙarara. MacKinnon ya samu Nobel a 2003 tare da Peter Agre.

Ga mai neman magani, darasin ya zo da ɗaci. Ramin da matacin kusan iri ɗaya ne a duk dangin. Sinadarin da ke toshe rami yakan toshe ƙofofi da yawa lokaci guda, har waɗanda ba a nufa ba. Magani nagari sai ya samu lungun da ƙofa ɗaya ke da shi sauran ba su da shi, kuma irin wannan lungu sai an ga siffa ake saninsa.

Har yanzu sai an yi kiristal?

A'a. Yawancin ƙofofin mutum sun ƙi yin kiristal. Daga 2013 madubin ilektiron na sanyi, na'urar da ke ɗaukar hoton daskararren furotin ba tare da kiristal ba, ya kai ƙarfin da ake bukata. Ana shimfiɗa ɗigon furotin, a tsoma shi cikin ruwan iskar gas ɗin itan (ethane) mai tsananin sanyi ya daskare nan take, a ɗauki hoton ƙwayoyi dubban ɗaruruwa, kwamfuta ta harhaɗa su. Jacques Dubochet, Joachim Frank da Richard Henderson sun samu Nobel a kan wannan a 2017. Furotin ɗin da ake bukata ya ragu, amma tsarkinsa da lafiyarsa suna nan a matsayin sharaɗi.

Yaya ake gwada dubban sinadarai a kan tataccen furotin?

A 2016 ɗakin gwajin MacKinnon ya bayyana wata hanya da ba ta bukatar rayayyar ƙwaya. Ana dasa ƙofar a jikin ƙananan kumfa na maiƙo cike da fotasiyam, a zuba su a ruwan da ba shi da fotasiyam sosai, tare da wani rini mai ƙyalli da wani sinadari mai barin haidirojin ya ratsa tantani. In ƙofa a buɗe take, fotasiyam ya fita, haidirojin ya shiga ya maye gurbin cajin, cikin kumfar ya yi tsami, ƙyallin rinin ya dushe. In sinadarin da ake gwadawa ya toshe ƙofar, ƙyallin na nan. In mai buɗewa ne, dushewar ta yi sauri. A faranti mai ramuka 384 ake yi, na'ura tana karanta ƙyallin.

Sun gwada hanyar a kan ƙofofi uku suka samo sababbin masu buɗewa da masu toshewa. Sun kuma gwada ta a kan ƙofar zuciya hERG da magunguna 100, rabi an san suna toshe ta, rabi ba sa yi, ta raba su ba kuskure.

Akwai maganin da ware furotin ya warware sirrinsa?

Glibenclamide. A 1942 Marcel Janbon, likita a Montpellier ta Faransa, yana gwada wani sabon magani a kan masu taifot sai ya ga sugan jininsu na faɗuwa matuƙa, har wasu suka rasu. Daga wannan masifa aka samo dangin magungunan da glibenclamide ya fito cikinsu a ƙarshen shekarun 1960. An yi shekaru ana shansu ba a san abin da suke kamawa ba.

A 1984 Frances Ashcroft a Oxford ta nuna cewa suga na rufe wata ƙofar fotasiyam a ƙwayoyin da ke fitar da insulin, kuma rufewar ce ke sa insulin ya fito. Maganin ma ƙofar yake rufewa. Amma wane furotin ne? Lydia Aguilar-Bryan da Joseph Bryan a Houston suka yi wa wani ɗan'uwan glibenclamide alama mai fitar da radiyeshan, suka sa ya manne wa abin da yake kamawa, suka bi alamar mataki-mataki har suka ware furotin ɗin, suka karanta farkon jerin amino asid ɗinsa, da shi suka gano ƙwayar gadon a 1995. Sunansa SUR1. A shekarar ne kuma masu bincike a Japan suka nuna cewa shi da wani furotin, Kir6.2, ke haɗuwa su zama ƙofar.

Ga amfanin da ya biyo baya. A 2004 Andrew Hattersley na Exeter da Ashcroft da abokan aikinsu suka gano cewa jarirai da yawa da ake haifa da ciwon suga, ƙofar nan ce ta ƙi rufuwa saboda sauyi a ƙwayar gado. Insulin ɗinsu na nan, fitowa ce ta gagara. A wani bincike na 2006, mutum 44 cikin 49 masu wannan matsala sun bar allurar insulin sun koma shan ƙwaya, kuma sugansu ya fi daidaita. A 2017 aka ga siffar ƙofar mai sassa takwas, har da glibenclamide zaune a lungunsa.

Me ya sa ake yawan ambaton hERG?

Saboda ita ce ƙofar da ba a so magani ya taɓa bisa kuskure. Ita ke taimaka wa tsokar zuciya ta huce bayan bugu. In an toshe ta, hucewar ta jinkirta, kuma hakan na iya jawo hargitsin bugun zuciya mai kisa. Terfenadine, maganin atishawa da ƙaiƙayi da miliyoyi suka sha, an janye shi daga kasuwar Amurka a 1998 saboda haka, musamman in an haɗa shi da magungunan da ke hana hanta sarrafa shi, irin ketoconazole da erythromycin. Astemizole ya bi shi a 1999, cisapride a 2000. Maganin zazzaɓin cizon sauro halofantrine ma wannan matsala ce ta kayar da shi. Tun 2005 ƙa'idojin ƙasa da ƙasa suka tanadi a gwada sabon magani a kan wannan ƙofa.

An daɗe ana zaton ɗakin da ke ƙarƙashin matacinta faɗi gare shi, shi ya sa take haɗiye komai. Da Weiwei Wang da MacKinnon suka ga siffarta a 2017, sai aka tarar ɗakin matsattse ne, amma yana da aljihu huɗu masu son maiƙo a gefe, ga caji mai jan magunguna masu kishiyar caji. Wannan ya ba masu haɗa magani abin dubawa in suna son sauya sinadari ya daina shiga.

Sikila fa? An ce akwai ƙofar fotasiyam a ciki.

Akwai. Jajayen ƙwayoyin jini na da wata ƙofa mai buɗewa da kalsiyam, wadda ake kira da sunan György Gárdos, masanin ƙasar Hungari da ya lura da aikinta a 1958. A jinin mai sikila ƙofar na yawan buɗewa, fotasiyam ya fita, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta bushe, himogulobin ya yi kauri, lanƙwashewa ta ƙara sauƙi. Tunanin a fili yake: toshe ƙofar, ƙwayar ta riƙe ruwanta.

An fara lura cewa clotrimazole, maganin ƙaiƙayin nan da aka sani, na toshe ta. Daga nan kamfanin Icagen na Amurka ya samar da senicapoc. Ya yi abin da aka ƙera shi ya yi: jini ya ƙaru, fashewar ƙwayoyin jini ta ragu. Amma a babban gwaji bai rage yawan tashin ciwo ba, aka tsayar da gwajin a 2007. Ga ƙasa kamar Najeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar yara kusan 150,000 da sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kuma abin na damuna duk lokacin da na tuna. Tashin ciwo ba bushewar ƙwaya kaɗai ke kawo shi ba, akwai mannewar ƙwayoyi a bangon jijiya da kumburi. Kwalba na iya tabbatar maka magani ya kama ƙofa, amma ko marar lafiya zai samu sauƙi, wannan sai a gadon asibiti ake sani. Siffar ƙofar ba ta fito ba sai 2018, shekara 11 bayan tsayar da gwajin.

Maganin farfaɗiyar da aka ambata a farko yana nan?

Retigabine ke nan, mai buɗe ƙofofin Kv7 na ƙwaƙwalwa don jijiyoyi su lafa. An amince da shi a 2011, sai aka ga yana sauya launin fata, leɓe da cikin ido zuwa shuɗi a wasu masu sha, amfani da shi ya ja baya, kamfanin ya daina sayarwa a 2017. Tsakanin 2020 da 2021 masu bincike a ƙasar Sin suka nuna shi zaune a aljihunsa, riƙe da wani amino asid da 'yar'uwar ƙofar da ke zuciya ba ta da shi. Sababbin magunguna masu bin wannan hanya, kamar azetukalner na kamfanin Xenon a Kanada, sun kai babban matakin gwaji.

Da gaske raƙumi ya shigo cikin wannan bincike?

Da gaske. A 1993 Raymond Hamers da abokan aikinsa a Brussels suka bayyana cewa jinin raƙumi na da wani irin antibodi mai sauƙin gini, wanda bakinsa mai kamawa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na girman antibodi na yau da kullum ba. Ƙanƙantarsa na ba shi damar shiga lungun da babba ba ya shiga. Ƙofar fotasiyam kuwa kaɗan take leƙowa waje daga tantani, kuma ta mutum ta yi kama da ta dabba ƙwarai, don haka garkuwar dabba ba ta cika ɗaukarta baƙuwa ba. Sai an yi wa raƙumi ko ɗan'uwansa lama allurar ƙofa mai yawa, mai cikakkiyar siffa, kafin a samu abin kirki. An samo irin waɗannan ƙananan antibodi masu hana Kv1.3 aiki.

Tunda kwamfuta na hasashen siffar furotin yanzu, ba a huta da tacewa ba?

AlphaFold, shirin kwamfutar nan mai hasashen siffa wanda ya ba Demis Hassabis da John Jumper rabon Nobel a 2024, daga siffofin da aka samu ta tacewa ya yi koyo. Yana taimakawa ƙwarai wajen tsara gwaji. Sai dai ƙofa ba ta da siffa ɗaya: tana buɗe, tana rufe, tana sume, kuma magani kan zaɓi ɗaya daga ciki. Wane hali ya zaɓa, da wane ƙarfi ya kama, wane maiƙo ke gefensa, waɗannan sai an auna a kan furotin na gaske.

Jami'o'inmu za su iya shiga wannan aiki?

Wani ɓangare, ƙwarai. Madubin ilektiron na sanyi miliyoyin daloli ne, kuma duk faɗin Afirka babu babbar cibiyar hasken eksire irin wadda ake harba wa kiristal. SESAME da ke Jodan, wadda aka buɗe a 2017, na cikin mafi kusa. Amma renon E. coli, bututun nikel, da na'urar karanta ƙyalli ba su fi ƙarfin sashen kimiyyar sinadaran halitta mai tsari ba. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne wutar da ba ta yankewa, domin furotin da firijinsa ya mutu dare ɗaya ya tafi ke nan. Ga kuma kunamu da macizan yankin Sahel, waɗanda dafinsu ya cancanci a rarraba shi a gwada, ga masu sikila da duk wani sabon magani zai bukaci a gwada tare da su. Samfurin da ya kai a ɗauke shi hoto kuwa, a daskare ake aika shi cikin tulun naitirojin zuwa cibiyar da ke da na'urar, kamar yadda ɗakunan gwaji da yawa a Turai ke yi, domin su ma ba kowa ke da ita ba.